Abin da Na Goge Ranar Alhamis

Kafin in ci gaba, ina da magana da wadda ta rubuto min cewa in kwantar da hankalina, wai so ba ya laifi. 'Yar'uwa, so yana laifi. Ni na yi laifi da shi a makon nan, da yatsuna, ido biyu, babu wanda ya riƙe min wuya. Ba lallashi na zo nema ba. Ku karanta, ku yi min hukunci.

Ga wadda yau ta fara shigowa shafin nan: shekaruna talatin da biyu, ni ce auta a gidanmu, kuma ni ke kula da kwamfutocin wani ɗakin gwajin jini. Ban yi jami'a ba. Da tsofaffin littattafai da wata kwamfuta mai tsagaggen allo na koyi aikin. Mahaifinmu ya rasu, maganar aurena tana hannun Yaya. Shi kuwa makaniki ne, kuma yana da doka guda a kan duk wanda ya zo nemana. Ba ya tambayar abokan mutum, ba ya tambayar danginsa. Wurin wanda mutum ya taɓa yi wa aiki yake zuwa. Ya ce wanda ya ɗaure ƙarfe da waya a inda ya kamata ya sa noti, haka zai riƙe mace. Mutum biyu sun faɗi wannan jarrabawar, na yi kuka, Umma ta yi kwana uku ba ta yi wa Yaya magana ba, shi ko a jikinsa.

Na ukun shi ne wanda Umma ta laƙaba wa Injiniya. Shi ya riƙe kujerata shekara uku kafin ya samu babban kamfani ya tafi. Mako biyu ya yi yana miƙa min aikin, a cikin makon nan biyu zuciyata ta tafi, kuma ba ta dawo ba har yau, shekara ɗaya da rabi. Ranar Juma'ar nan Yaya ya sa zai je ya tambayi Dakta, matar da ke da ɗakin gwajin, wane irin ma'aikaci ne Injiniya. In ta yabe shi, a sa rana. In ta kushe shi, magana ta mutu, kuma Umma ta riga ta gaya min ba ta da sauran ƙarfin ganin na huɗu.

Ranar Litinin da safe Dakta ta kira ni ofishinta, ta turo min takarda ta saman tebur. Babban asibitin da muke tura wa yawancin sakamakonmu ne ya rubuto. Daga ƙarshen wata ba za su ƙara karɓar saƙo daga na'urar da ke amfani da tsohon makulli ba. Makulli shi ne ɓangaren da ke rufe saƙo kada wani ya karanta shi a hanya, ya kuma tabbatar cewa wanda ke karɓa asibitin ne da gaske. Manhajarmu ta tura sakamako an rubuta ta da wani harshen kwamfuta, wanda ke kan na'urarmu ya tsufa, sabon makulli ba ya shiga cikinsa. Na ce a sayi sabuwar na'ura. Dakta ta dube ni ta saman tabarau ta ce ba ta binne abin da bai mutu ba.

To, na'urar ta tsufa har babu wanda ke yin harshen a shirye dominta. Dole in sauko da ɗanyen rubutunsa in harhaɗa shi da kaina a kanta. Aikin mataki biyu ne. Da farko akwai wani ɗan shiri da ake kira konfiga, yana yi wa na'ura tambayoyi ɗaruruwa: kina da kaza? Kina da kaza? A ina kika ajiye shi? Amsa tana fitowa a allo, e ko a'a. In ya gamsu, sai a shiga harhaɗawa, wadda a kan tsohuwar nan take cin minti hamsin.

Ɗakin aikina wani lungu ne a bayan firjin ajiye jini. Babu taga. Akwai fanka mai ƙara kamar tana tari, da kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza sai na cusa mata kwali, da warin sinadarin goge fata da ya kama duk mayafina. Nan na rataye farar rigar aiki, na naɗe hannun doguwar rigata ruwan toka, na zauna.

Karo na farko konfiga ya ce babu ɓangaren matse fayil. Na saka shi, na sake gudu, ya ce babu. Na duba da idona, ga shi nan zaune. Na sake, ya ce babu. Awa biyu ina zagin na'ura, ashe konfiga yana ajiye tsofaffin amsoshinsa a wani ɗan fayil don kada ya sake tambaya, abin da ya ji da farko yake ta maimaitawa kamar surukar da ta riƙe magana. Na share fayil ɗin, ya ce e. Matar da ke ɗiban jini ta leƙo ta tarar ina yi wa allo murmushi, ta ce, “Amarya, da kwamfuta ma hira ake? Ki rage wa mijin.”

Na sa harhaɗawa. Minti hamsin rubutu yana gudu. A ƙarshe ya ce komai ya haɗu, ban da abu ɗaya: makulli. Abin da aka sa ni aikin dominsa.

Ranar Talata kaf a kansa na ƙare. Na cire sabon makullin na sake sakawa. Na rubuta wa konfiga inda yake, harafi bayan harafi. Sau huɗu na harhaɗa, minti hamsin sau huɗu, amsa ɗaya. Na koma gida da la'asar kaina yana sarawa, na tarar Umma ta baje yadin labule kala uku a kan doguwar kujera, tana ɗaga kowane tana kallonsa a hasken ƙofa. Ta ce in zaɓa. Na ce ai ba a sa rana ba tukuna. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ita jikinta ya ba ta wannan karon an dace, yaron ko takalminsa ka duba ka san mai tsari ne. 'Yar ƙanwarta da na yi wa wanka tana jaririya, in ji Umma, cikinta na biyu ke nan. Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi min sauƙi.

Saƙon Injiniya ya shigo ina wanke kwanuka.

“Ranki ya daɗe, tsohuwar na'urata tana ba ki wuya ne?”

Na rubuta masa cewa makulli ya ƙi haɗuwa. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga shi: “Ki bar shi zuwa mako mai zuwa mana, zan zo in duba miki. Kin ci abinci?”

Na ji daɗin tambayar abincin, ban kula da sauran ba. Haka muke, mata. A ba mu kalma mai zaƙi ɗaya mu haɗiye tara masu ƙashi.

Ranar Laraba na daina ƙoƙarin sa'a, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Konfiga yana rubuta duk abin da ya gwada a wani dogon kundi, da abin da ya nema da inda ya same shi. Layi dubu tara da 'yan kai. Na zuba shayi a kofi na fara bi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ga matsalar. Makulli kashi biyu ne: akwai jerin da ke faɗin abin da ya iya yi, akwai ainihin jikin da ke yin aikin. Konfiga yana ɗauko jerin daga sabon da na saka, amma in ya je ɗauko jikin, sai wani abu ya karkatar da shi zuwa wata folda da ban taɓa gani ba, can a gefe, inda ba a ajiye irin waɗannan kaya. Jeri sabo, jiki tsoho, ba su yi daidai ba, shi ya sa yake ƙi.

Na bi sawu. A fayil ɗin da na'ura ke karantawa duk lokacin da ta tashi, akwai layi ɗaya da ke cewa duk mai neman makulli ya fara zuwa foldar nan. Na buɗe foldar. Sunan mai ita na Injiniya ne. A ciki akwai tsohon makulli da aka yi wa gyaran hannu, da wani ɗan fayil na rubutu. Na san yadda yake rubutu, ba ya sa aya sai a ƙarshe.

“Ya ƙi haɗuwa Dakta tana jira na cire tantancewa don saƙo ya wuce, na ɗan lokaci ne a gyara mako mai zuwa.”

Kwanan watan da ke jikinsa ya haura shekara huɗu.

Bari in faɗa muku ma'anarsa ba tare da ado ba. Ya bar kwado a rataye a ƙofa, amma ya cire abin da ke tambayar wane ne ke karɓa. Duk wanda ya iya shiga tsakaninmu da asibiti ya ce shi ne asibitin, na'urarmu za ta miƙa masa. Me za ta miƙa? Sunan yarinyar da ta zo gwajin ciki ta rufe fuska. Ciwon da magidanci bai gaya wa matarsa ba tukuna. Ban sani ba ko wani ya taɓa ɗauka. Babu kuma yadda za a sani, wannan shi ne munin abin. Ni ma ina da kasona: shekara ɗaya da rabi ina zaune a kan ramin nan, ban taɓa ɗaga tabarma ba, saboda wanda ya shimfiɗa ta ina son sa.

Da yamma Injiniya ya zo gida, cikin farar riga mai guga kamar takarda, da turaren nan da Umma ke cewa na masu hankali ne. Muka zauna a barandar gaba, Umma ta aiko da ruwa ta ja ƙofa. Na miƙa masa wayata da hoton rubutunsa. Ya fara dariya, ya ce lallai ɗaliba ta fi malaminta. Da ya ga ban yi dariya ba, ya ajiye wayar a kan gwiwarsa, ya ce abu ne mai sauƙi: in cire layin nan, in share tsofaffin amsoshin konfiga, in nuna masa sabon makulli jeri da jiki, zai haɗu.

Ko numfashi bai ja ba wajen faɗa.

“Ashe ka san gyaran,” na ce.

“Daga baya na sani.”

“Daga baya yaushe?”

“Bayan wata biyu ko uku.”

“Me ya hana ka yi?”

“Abu yana aiki, wa zai taɓa shi? In na tsayar da na'ura kwana guda sai Dakta ta tambayi dalili.”

Ya yi min dogon bayani. Wai yana sabon ɗauka a lokacin, mutane sun cika benci suna jiran sakamako, Dakta tana tsaye a kansa. Wai kowa a sana'ar nan yana da irin wannan foldar a wani wuri, wanda ya ce ba shi da ita maƙaryaci ne. Wai babu wanda ya mutu. Na jira ya ce ya yi kuskure. Na ba shi hanya har sau biyu. Bai bi ba. Abin da ya ce a ƙarshe, murya ƙasa, yana kallon ƙofar da Umma ta ja:

“Jibi Yayanki zai je. In kin gama ki goge foldar. Don mu nake faɗa, ba don ni ba.”

Ranar Alhamis na isa kafin mai shara. Na yi yadda ya ce. Na cire layin, na share tsofaffin amsoshi, na sa konfiga. Da ya iso kan makulli ya ce e. Minti hamsin na zauna hannuna a cinya. Ya haɗu, babu ƙorafi ko ɗaya. Na tura saƙon gwaji zuwa asibitin, ya karɓa. Aikin da ya ci min kwana uku, kuma ya kamata in yi tsalle a kansa, na kalle shi kamar an ba ni labarin rasuwa.

Dakta ta shigo da kofinta a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa don ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu. Na ce an gama. Ta ce madalla, me ya riƙe shi haka?

Ga gaskiya a kan allo, taku ɗaya tsakaninta da ita. Matar nan ita ta ɗauke ni aiki ba takardar jami'a, ta ce hannuna take so ba takarda ba.

Na ce, “Tsufa ne kawai, Dakta.”

Ta ce ai ta gaya min tsohuwar tana da sauran rai, ta tafi.

Na rubuta umarnin gogewa na zauna ina kallonsa. Kada wadda ta ce shaiɗan ne. Na san abin da nake yi. Na yi wa kaina wa'azin da duk mai son zuciya ke yi wa kansa: ramin ya riga ya toshe, tonawa ba za ta dawo da jiya ba, Umma tana da hawan jini. Wayata ta yi ƙara, Umma ce ta sa maƙwabciya ta turo min hoton labule mai ruwan zuma, da saƙon murya cewa ta zaɓar min tunda na tsaya nauyin baki. Na danna. Ƙarfe sha biyu saura minti ashirin. Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba.

Na rubuta masa: “Na yi.” Ya turo hoton zuciya guda uku.

Ranar Juma'a da hantsi Yaya ya zo. Ban taɓa ganin farcensa babu baƙin mai ba sai ranar. Ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya zauna a gefen kujera a ofishin Dakta, hularsa a gwiwa. Ina hango su ta gilashi. Ba su yi minti goma sha biyar ba. Da ya fito ya tsaya a bakin lunguna, ya dubi fanka, ya ce gyaranta ba wuya, in kawo masa ita. Sannan ya ce Dakta ta gaya masa a shekara uku ko sau ɗaya sakamako bai makara a hannun yaron ba.

“Wannan karon kin iya zaɓe, Auta,” ya ce. “Ki ce ya turo manyansa.”

Yaya ba ya yabo. Tun ina yarinya nake neman kalma irin wannan daga bakinsa, sai ta zo a ranar da ba ta halatta gare ni ba.

Da na koma gida falo ya cika. Matar Yaya da yaranta, ƙanwar Umma, maƙwabta biyu. Umma ta sa leshinta mai ruwan ƙasa da ba ta taɓa ba tun rasuwar Baba, tana dariya tana goge ido da bakin mayafi. Matar Yaya ta ce yanzu sai a ga ko kwamfuta za ta iya dafa shinkafa. Na yi dariyar da ake so in yi, na ce bari in sauya kaya, na shiga ɗaki na rufe.

Saƙon Dakta yana jira a waya tun ƙarfe huɗu.

“Mai kula da kwamfutocin asibiti ya kira ni. Ya ce da ya kwatanta saƙonki na jiya da na baya, ya ga wani abu da bai gane ba a tsofaffin. Zai zo Litinin ƙarfe tara ya duba na'urar da kansa. Kada ki taɓa komai, ki bar masa yadda yake.”

Na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafata. Na'urar nan tana rubuta duk umarnin da aka ba ta, da sunan wanda ya bayar, da lokaci, kuma tana tura kwafi zuwa kwamfutar Dakta inda hannuna ba ya kaiwa. Ni da kaina na tsara hakan watan da na kama aiki, ina alfahari. Mutumin zai buɗe ya ga abu ɗaya: ranar Alhamis, sha biyu saura ashirin, ni na goge wata folda mai ɗauke da makulli, bayan na ce wa Dakta tsufa ne kawai. Rubutun Injiniya da kwanan watansa sun tafi. Sunana ne ya rage.

Akwai hanya ɗaya. Duk ƙarshen wata ina kwafe na'urar gaba ɗaya a wani faifai da Dakta ke kullewa a aljihun teburinta. Foldar tana ciki, da rubutunsa. In na ce a buɗe, an san wanda ya haƙa ramin, an kuma san wadda ta rufe shi da ƙarya, Yaya zai ji kafin azahar, labule ya koma kanti. In na yi shiru, laifin shekara huɗu ya hau kaina ni kaɗai, aikin da na koya da tsagaggen allo ya ƙare, don babu mai sake ba ni amanar na'ura a garin nan.

Na tura masa saƙon Dakta yadda yake. Na ƙara da cewa: “Ka zo Litinin mu faɗa tare. Ni zan fara.”

Ya karanta nan take. Na zauna ina kallon allon minti ashirin da biyu, daga falo ana ta gardamar ko wata biyu ya isa shiri. Sannan amsa ta zo.

“Ni na bar wurin tun bara waccan, ranki ya daɗe. Na'ura a hannunki take. Ki yi tunanin abin da za ki ce musu, kin fi ni iya magana. Baffana ya ce ranar Lahadi za su zo.”

Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce in fito mana, mutane na jira, kuma in sa rigar nan mai ruwan hoda, ita ta fi karɓata.

Na sa rigar. Na fita.